Jar Tukunyar Kashe Gobara

Wani ne a Madarumfa ya ga mutanen Maraɗi na zuwa bakin tafki shan iska ranar Lahadi, sai ya sayar da amalankensa da jakinsa, ya sayo tsohon kwale-kwale mai inji, wai zai riƙa yawo da su. Shi kuwa ko a kwarya aka ba shi ruwa sai ya yi bisimilla sau uku, don tsoro.

Ranar da ya fara aiki sai ga wani jami'i, irin waɗanda ake ce wa Mushe da Faransanci, ya zo duba jirage. Ya leƙa ciki ya ce, "Ina jar tukunyar kashe gobara?"

"Gobara, Mushe? Bisa ruwa? Dubi tafkin ga hwa!"

"Doka ce. Jirgin da ke da inji kuma yana ɗaukar mutane dole ya kasance da ita, cike. In na dawo babu, tara ce."

Mutumin ya tafi gida, ya sace tukunyar tuwon matarsa Hasiya, ya shafe ta da jan fenti, ya cika ta da ruwa, ya kai jirgi. Da jami'i ya dawo ya buɗe murfin, ya daɗe yana kallo.

"Mine ne wannan?"

"Ja ce, tukunya ce, kuma cike take. Wanne na rage?"

Jami'i ya yi dariya har ya zauna, sannan ya nuna masa hoton ta gaskiya a waya. A gida kuma Hasiya ta tare ƙofa da muciya, sai da ya kwana biyu yana cin garin rogo.

Ya hau mota zuwa Maraɗi, ya sayo babba, mai sheƙi. Tunda aka haife shi bai taɓa mallakar sabon abu irinta ba. Ya naɗe ta da zane, ya ajiye ta a kujerar gaba kan matashi, ya kafa mata lema kada rana ta ci fentin. Fasinja ya matso kusa sai ya ce, "Malam, ja baya, kada ka numfasa mata."

Wata Lahadi ya ɗauki abokinsa Ɗan Baba da baƙi 'yan birni. Suna tsakiyar yawo Ɗan Baba ya hura gawayi zai dafa shayi, dab da jarkar mai. Sai ji aka yi fuu! Wuta ta kama bayan jirgi.

Mutane suka yi ta ihu, "Tukunyar! Tukunyar!"

Mai jirgi ya dafe ƙirji. "Allah shi saka muku, har na manta da ita!"

Ya rungume ta, ya yi tsalle ya faɗa tafki. Allah ya taimaka ruwan iya ƙirji ne. Ya ɗora ta a ka, ya nufi gaɓa yana salati.

Ɗan Baba ya ce, "Kai, dawo ka hwesa!"

"Ku dai ku kula da kanku, ita ta tsira!"

Baƙi suka duro ɗaya bayan ɗaya, da shadda da takalma, suna tsine masa. Jirgi ya ci wuta ƙurmus, inji ya nutse.

A bakin gaɓa jama'a sun taru, har da jami'in. Mutumin ya fito yana ɗigar ruwa, ya sauke tukunya a hankali, ya goge ta da hularsa.

Jami'i ya ce, "Kai wane irin mutum ne? Don mi ba ka hwesa ba?"

"In hwesa ta ƙare, gobe ka ci ni tara?"

"Tarar mi? Ai yanzu ba ka da jirgi!"

Mutumin ya waiwaya ya dubi hayaƙin da ke tashi, ya dubi tukunyar, ya sosa ƙeya.

"To Mushe, ba ka san mai sayar da jirgi ba? Kayan doka sun cika, jirgin kaɗai ya rage."