Katin Bas Mai Ci Ana Barci

"Lafiya lau, lafiya lau. Kai Dogo, gaisuwar nan ta yi tsawo. Har da durƙuso? Me ka fasa?"

Haka Kaka ta tari jikanta tun bai gama cire takalmi ba. Tana zaune a bakin ƙofa, ta miƙe ƙafa kan matashi tana shafa man zafi. Dogo ne ke kai ta asibiti gashin gwiwa a kan babur ɗinsa, kuma in ba don wannan gashin ba, sai wata ya mutu ba ta sa shi a ido ba. Yau kuwa ba ranar asibiti ba ce.

"Haba amaryata, mutum ba zai gai da matarsa ba? Albishir na kawo miki. Katin bas na wata guda za mu saya miki. A biya sau ɗaya, ki yi ta hawa."

"Ruwa ba ya tsami banza. Wa ya ce maka ina neman bas?"

"Kujera mai laushi, tsohuwa! Ba rana, ba ƙura. Ki ɗora katin kan na'ura, ta yi ƙara, ki wuce kamar matar manya."

"In ɗora, ta yi ƙara. Ƙarar me? Kukan kuɗina ke nan. To ranar da ban fita ba fa?"

"Ranar ta wuce."

"Su maido min canjina?"

"Ba a maidowa."

Kaka ta ajiye kwalbar man, ta tafa hannu.

"Wato ina nan kwance ina barci, katin yana ƙarƙashin filo yana cina? Ko akuya ai sai ta farka take ci!"

"Barcinki ne matsalar, ba katin ba. Ranar nan a kan babur kika yi ta minshari, har mai mota ya ɗauka salansata ce ta fashe."

"Ƙaryarka ta sha ƙarya! Addu'a nake yi, don wanda ke bayanka ba shi da abin riƙo sai Allah. Da wannan wuyan naka kamar na zalɓe, ramin gabanka ma ba ka gani."

"To kin gani? Ga bas, kin huta da zalɓe."

Kaka ta karkata kai. Ta dube shi sama da ƙasa, irin kallon da ake yi wa ƙwan da ake zargin ya lalace.

"In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Ba gwiwata kake tausayi ba. Sauke ni kake son yi, ja'iri. Ka haɗa ni da direba, kai ka ɓace."

Dogo ya sosa ƙeya.

"Gaskiya, an maida ni aikin safe a shagon ɗab'i. Lokacin gashinki ina kan inji."

"Yauwa, biri ya yi kama da mutum. Ni da na goya ka har bayana ya lanƙwashe, yau bayan babur ya fi ƙarfina."

"Goyon da kika yi ta jingina ni da bango kina hira? Shi ya sa ƙeyata ta baje."

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki murfin kwalbar tana juya shi a hannu, har Dogo ya fara neman wata maganar. Can sai ta ɗago.

"Katin nan, asibiti kaɗai ya sani?"

"A'a, duk inda bas ke zuwa."

"Ko sau nawa?"

"Ko ki kwana a ciki."

"Yana bi ta gaban shagonku?"

Dogo ya kau da kai.

"Yana... yana ɗan bi."

"Alhamdu lillahi! Sayo. Ni ba a cina ina barci. Kullum in na fito gashi, sai shagonku. A ajiye min kujera kusa da injin. In gaya wa maigidanka shekarar da ka daina fitsarin kwance, da yadda ka gudu ba wando don zakara ya yi maka kallo."

"Kaka, ki rufa min asiri! Akwai ma'aikata mata a wurin!"

"Su na fi so. Ranar hutu kuma ɗakinka, in ga ko ana shara."

Dogo ya dafe kai yana dariya har da ƙwalla.

"An gudu ba a tsira ba. Na ji, kin ci. Zan biya katin da kuɗina, kuma duk yamma in na tashi zan biyo in gaishe ki. Ki dai bar shagon nan lafiya."

"Duk yamma?"

"Duk yamma."

Kaka ta tura masa kwalbar man da ƙafa, ta gyara zama.

"To fara da yau, angona. Murza a hankali. Kuma ka sani, ranar da ban ji sallamarka ba, na san lambar bas ɗin."