Ranar da Na Tuƙa Na'urar Nutso a Pazhou

Ko na tsufa ba zan manta da abin da ya same ni a baje kolin Pazhou ba. Ina shekara ta biyu a karatun injiniya a Guangzhou, Kawu Sabi'u ya zo daga Kano sarin injinan ban-ruwa, ni nake masa tafinta.

Muna zagayawa muka tsaya a rumfar masu ƙera na'urar da ke nutso ta ɗauko hoton ƙasan teku. A wani ƙaton allo ga jirgin yaƙi irin mai tafiya a ƙarƙashin ruwa, ya nutse, tsatsa ta cinye shi, kifaye na shige da fice. Ga kuma abin tuƙa na'urar a kan tebur.

"Kai ma ka iya wannan?" in ji Kawu.

"Haba Kawu, ai aikinmu ne." (Ko a mafarki ban taɓa riƙe irinta ba.)

Na ɗauka na danna, sai hoton ya matsa gaba. Shi ke nan, kaina ya kumbura. Na hango wata ƙofa a ɓalle a jikin jirgin, na rantse a raina sai na shigar da na'urar ciki. In na karkata dama ta yi hagu, sai in ce igiyar ruwa ce. Gumi har cikin ido. Kawu kuwa ya yafito wasu 'yan kasuwar Maraɗi: "Ku zo ku ga ɗanmu a ƙasan teku!"

Wata ma'aikaciyar rumfar sai cewa take, "Lawban, lawban!" wato maigida. Na ɗaga mata hannu alamar saura kaɗan.

Na'ura ta kutsa ta ƙofar nan. Kawu ya yi kabbara. Sai hoton ya ɗauke, sunan kamfani ya fito, komai ya sake farawa daga farko. Ashe bidiyon talla ne!

Matar ta nuna bayana. Na waiga, ga tankin gilashi, ga ainihin na'urar da nake tuƙawa tana ta gwara kai da bango. Ta fantsama wa mai rumfar ruwa, kwat ɗinsa sharkaf.

'Yan Maraɗi har da riƙe ciki. Kawu ya gyara hula ya ce, "Alhamdulillahi da ba jirgin sama suka ajiye ba."

Tun daga ranar, duk sanda na ji ana yaba mini, sai na fara waiwayawa in ga wa nake jiƙawa.