Isiyaku Ya Cika Gari

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗana na fari ba, ko da na so in manta, mutanen ƙauyen surukaina ba za su bari ba. Shekarar da muka samu mulkin kai ce, da kaka, an gama yankan gero ana jiran dawa. Lokacin ina sabon malami a makarantar firamare ta kwana a Tambuwal. Ina da keke, ina da agogon hannu, ina kuma da wani kwat mai ruwan toka da ba na rabuwa da shi komai zafin rana. In na ratsa kasuwa, ji nake kamar ni kaɗai Turawa suka damƙa wa ƙasar.

Abu guda ne ya hana ni sakat a aji, shi ne Isiyaku. Ba wani yaro nake nufi ba, sunan kansa. Yaran da ake kawo mana daga wajen Kebbe da Fakku, kusan duk wanda ka dafa Isiyaku ne. In na ce, "Isiyaku, tashi," sai rabin benci ya miƙe. In na ce, "Isiyaku, zo ka sha bulala," sai kowa ya juya yana kallon na kusa da shi. Dole muka rarrabe su da laƙabi: Isiyaku Dogo, Isiyaku Baƙi, Isiyaku Mai Wushirya, da wani da muka rasa abin da za mu liƙa masa, muka bar shi a Isiyaku Ɗayan. (Bawan Allah, har ya gama makaranta da haka ake kiran sa.) Ban taɓa tambayar dalilin wannan yayi ba. Na ɗauka ƙauyanci ne kawai, wani ya sa, saura suka kwaikwaya.

Ni kuwa ina da nawa sunan da na ɓoye a zuci. A kwalejin horon malamai wani Bature ya taɓa gaya mana cewa sunayen annabawan Bani Isra'ila da na zuriyarsu daga harshen Ibrananci suka fito, kuma kowanne da ma'anarsa. Ya ce Isiyaku yana nufin "zai yi dariya." Binyaminu kuwa, "ɗan hannun dama." Tun ranar na ce na samu. Ɗan hannun dama! Ga daɗin faɗi, ga shi duk ƙasar Tambuwal ban san mai shi ba. Na ƙudura in Allah Ya ba ni namiji, ba zai shiga cikin garken Isiyaku ba.

Sai matata Asabe ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, wani ƙauye gaba da Kebbe kaɗan, ta haifi namiji. Mahaifinta dattijo ne mai rumbuna da yawa, Sarkin Noma ake ce masa. Yaro da babba Sarkin Noma, Asabe kuwa Baba. Ban taɓa jin sunansa na yanka ba. Ango ba ya zuwa wurin ɗaurin aurensa balle ya ji, kuma wa zai dubi matarsa ya ce ta faɗi sunan ubanta? In na je gaishe shi, daga nesa nake tuɓe takalmi in tsuguna, idona a ƙasa, in tashi.

Baffana, ƙanen mahaifina, shi ne ya tsaya mini a matsayin uba tun rasuwar babanmu. Da zai tafi wurin suna ya kira ni ya ce, "Ɗan fari na. Ka zamna Tambuwal, ba a ganin uba wurin sunan ɗan fari. Mutanen can kau masu kunya na ƙwarai. Ka yi abin da ba shi kamata, sai su riƙe ɗiyassu su ce ba ka da tarbiyya."

Na ce to. A raina kuwa na ce, an samu mulkin kai, a ce mutum ba shi da ikon sunan ɗansa? Yana tafiya na zura kwat, na hau keke, na kwana a Kebbe, da sassafe sai ga ni a ƙofar gidan surukina, ƙura har gira.

An shimfiɗa tabarmi, dattawa sun zauna, ga ƙwaryar goro, ga rago ɗaure a gindin darbejiya, wanzami na wasa askarsa, maroƙi na gyaran murya. Ina jingine keke wurin ya yi tsit. Wani tsoho ya sa hannu ya kare ido yana duba na, ya ce da na kusa da shi, "Wanga ba uban ɗan ba na?" Ni kuwa na ɗauka kwat ɗin suke kallo, har na ƙara gyara wuyansa. Na gaisa, na kutsa na zauna tsakanin Baffa da Sarkin Noma, wurin da ko a mafarki bai kamata in zauna ba.

Baffa bai dube ni ba, amma na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Na raɗa masa, "Wane suna za a sa?" Ya kau da kai. Na sake tambaya. Ya ce ta tsakanin haƙora, "Isiyaku. Ai shi na sunan..." Ban bari ya ƙarasa ba. Jin kalmar nan kawai, sai na ji kamar na zauna kan garwashi, na miƙe tsaye.

Na yi gyaran murya irin ta aji. Na ce, jama'a ku yi mini afuwa, Isiyaku sunan Annabi ne, ba mai ja, amma fa ya cika gari. Na ba su labarin Isiyaku Dogo da Isiyaku Baƙi. Na ce in ka jefa tsakuwa a kasuwar Kebbe, kan Isiyaku za ta faɗa. Na ce ko ma'anarsa a Ibrananci ba wata aba ba ce, dariya ce kawai, alhali ga Binyaminu, ɗan hannun dama, suna na zamanin mulkin kai. Baffa na jan gefen wandona, ina fizgewa. Shirun da aka yi ya ƙara mini ƙarfi, don na zaci ilimi ne ke ratsa su. (Duk malamin makaranta ya san irin wannan shiru, kuma ya kamata ya san ba kullum ne na fahimta ba.) Sai na rufe da maganar da har yau in na tuna nake jin zufa a bayana. Na ce, "Ni dai da zan ga mutumin da ya jawo mana yayin Isiyaku a ƙasar nan, sai na tambaye shi abin da malaman makaranta suka yi masa."

Maroƙi ya sa hannu ya toshe bakinsa. Wanzami ya daina wasa aska. Liman, wani siririn dattijo mai farin rawani, ya dube ni da tausayi, ya ce, "Malam, ba sai ka wahala da nema ba. Wanda kaka son gani, ga shi nan dama gare ka."

Na waiwaya dama. Sarkin Noma ne zaune, ya sunkuyar da kai, yana juya goro a tafin hannu.

Liman bai ɗaga murya ba. Ya ce shekarar da aka yi yunwa, sa'ad da masu hatsi suka liƙe rumbunansu suna jiran tsada, wannan bawan Allah ya buɗe nasa. Ya ciyar da ƙauyen nan da na kewaye har wajen Fakku, da damina ta faɗi kuma ya raba iri. Mutane ba su da abin da za su saka masa da shi, sai duk wadda ta haifi namiji a sa masa sunansa. "Yaran da kaka ba karatu," in ji liman, "geronai anka dama ma uwayensu kunu suna ciki."

Wato ni, suruki, na tsaya a ƙofar gidan mutum, na kira sunansa gatsau a bainar jama'a har bakina ya gaji, sunan da ko a ɗaki bai kamata ya fito daga bakina ba. Kuma sunan ɗana na fari ne, wanda shi ma kunya ta hana in faɗa. Na kushe shi, na kuma nemi mai shi ya fito ya yi mini bayani. Na sulale na tsuguna, kwat ɗin nan ya zame mini kamar buhun gishiri. Ta bayan zana kuma sai muryar gwaggon Asabe ta taso, don mata duk sun ji: "A bar muna ɗiyarmu da jinjirinta! Ba ta komawa gidan da ba a san kunya ba!" Nan na tuna gargaɗin Baffa. Na zo ƙwato suna, ga shi zan koma ba sunan, ba ɗan, ba uwar ɗan.

Kowa ya zuba wa Sarkin Noma ido, don maganarsa ce za ta yanke. Ya daɗe yana juya goron nan. Can ya ɗago ya ce, "Malam, mi kac ce ma'anatai?"

Na ce, "Baba, wai... zai yi dariya."

Ya maimaita a hankali, "Za shi dariya." Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi ƙoƙarin dannewa, ta ƙi, ya fashe da dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce, "Jama'a, na tsufa ɗauke da sunan ga, ban san abin da nika ɗauke da shi ba, sai yau da surukina ya zo bisa keke ya gaya min!" Wurin ya ɓarke gaba ɗaya, har Baffa da ke shirin kashe ni sai da ya murmusa.

Liman ya ɗaga hannu aka lafa. Ya ce a nan kam Malam bai yi kuskure ba, don ya zo a cikin Littafi cewa matar Annabi Ibrahim ta yi dariya a lokacin da baƙi suka zo, aka yi mata busharar ɗa, wato Annabi Isiyaku, bayan ta tsufa ta fid da rai. Ya ce ashe dariyar ce ta bi yaron har cikin sunansa. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa a cikin gida. Ni da na kawo ma'anar don in rage wa sunan daraja, sai ga shi na ƙara masa kwarjini ban shirya ba. (Ba zan ɓoye ba, duk da ina tsugune cikin kunya, sai da na ɗan ji daɗi. Malami malami ne.) Liman ya juyo gare ni ya ƙara da cewa, "Shi kau Binyaminu auta na wurin ubanai. Ɗan fari za ka sa ma sunan auta? Har ka gaji?" Aka sake kwashewa.

Sarkin Noma ya goge hawaye ya ce, "Ɗiyata dai in ta yi arba'in ta koma ɗakinta, wagga magana ta wuce. Shi kau yaro ɗanka na. Faɗi sunan da kaka so, shi za a raɗa."

Da gaske yake, ba gatse a muryarsa. Binyaminu na kan harshena, ba wanda zai hana. Na dubi hannuwansa da fartanya ta cinye, na tuna rabin bencin nan na yara masu ƙoshin lafiya da ke miƙewa in na kira suna ɗaya. Na matsa kusa da liman na ce, "A sa masa sunan Baba."

Liman ya kanga kunne. "Wane suna ke nan, Malam? Ɗazu kana faɗinai da ƙarfi."

Na ce, "Allah gafarta malam, na manta." Aka shafa fatiha ana dariya, maroƙi ya kwarara sunan, aka kayar da rago.

Tun daga ranar sunan nan bai ƙara fitowa daga bakina ba. (Nan ma rubutawa nake, ba faɗa ba, kada wani ya kai ƙarata Kebbe.) A aji na koma cewa Mai Sunan Baba Dogo, Mai Sunan Baba Baƙi, yara na ƙunshe dariya. Ɗana kuwa Sarki muke ce masa, kuma duk inda ya shiga sai an ji ƙyaƙyatawarsa kafin a gan shi.

Bayan shekaru Allah Ya yi wa Sarkin Noma rasuwa. Ranar jana'iza ƙauyen ya kasa ɗaukar mutane. Da za a ɗaga makara, wani dattijo ya ce, "Isiyaku, kama nan," yana nufin ɗana. Sai na ga maza sun taso ta kowace kusurwa, manoma, 'yan kasuwa, malamai, har da Dogo da Mai Wushirya da Ɗayan, duk sun zama magidanta, kowa na miƙa hannu. Makarar nan ba ta rasa kafaɗa ba har bakin kabari. Na tsaya a baya ina kuka, ina kuma alfahari da ɗana yana cikinsu, bai fita daban ba.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma na biya shi da tsada. In ka ga suna ya cika gari, kafin ka tashi yin lacca, tambayi wanda ya ciyar da garin. In kuma ba ka da haƙurin tambaya, to aƙalla ka duba wanda ke zaune a damanka.