Na 'Yantar da Bishiyar Hajiya Rabi

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar nan ba: kyarr! Gefen mayafina ne ya yage ina goge taga. Na duba, ashe waya ce ta kama shi, a jikin 'yar bishiyar da maƙwabciyata a nan Makka, Hajiya Rabi, ta bar mini amana za ta tafi Madina. Bonsai sunanta, wai. Tsawonta bai kai kamu biyu ba, amma jikinta duk tsufa.

Hajiya ta gargaɗe ni: "Ki ajiye ta kusa da taga, kada iskar mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ta buge ta, ruwa sai ƙasar ta bushe. Halas, kar ki ƙara komai."

Da na ƙura ido na ga an nannaɗe kowane reshe da waya, a tukunyar da ko miyar mutum ɗaya ba za ta ɗauka ba, sai raina ya ɓaci. Wane irin zalunci ne wannan? Halittar Allah, a Makka, a ɗaure kamar ɓarawo! (Ni ce fa mai ajiye wa magen layinmu ruwa a unguwar Tandabawi, to ku auna.) Na ɗauko filaya na yanke wayoyin kaf, na juye ta a bokitin fenti, na zuba taki, na hau da ita saman soro. A Kano ai bishiya rana take so. 'Yata Nusaiba tana biye da ni da buta.

Ranar Makka kuwa ba ta Kano ba ce. Kafin Juma'a ganyen ya soye kamar an toya zogale.

Hajiya ta dawo, ta shigo da dabino da ƙawayenta biyu da ta kwaso su ga abin mamaki. Na sauko da bokiti. Hajiya ta leƙa ciki.

"Ina wayar?" in ji ta.

"Na 'yantar da ita, Hajiya." (Har da murmushi, wallahi.)

"Marigayi Alhaji ne ya naɗa ta da hannunsa. Shekaru yana koya wa reshen nan kwanciya."

Ɗaya ƙawar ta ce, "Ya ukti, 'yar'uwa, ai gara ki dafa ta."

Har yau haushi nake ji. Haushin wanda ya ƙirƙiro bishiyar da ba ta jure rana ba ta jure sanyi, haushin Hajiya da ba ta gaya mini tarihin wayar ba, da haushin kaina da ya fi duka. Wayar kam na tono ta daga shara na wanke na kai mata. Bishiyar ta yi toho ɗaya, miƙe sak, ba inda Alhaji ya so ba. Yanzu in tausayi ya taso mini kan kayan wani, zama nake har ya wuce.

A ranar kuwa, da baƙin suka fita Nusaiba ta ja zanina.

"Ummi, ni da na gyara wa 'yartsanar ƙawata Hanan gashi kika dake ni. Ke wa zai dake ki?"