Gaisuwar Da Na Kai Birmingham

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kai gaisuwar mutuwa da wasa, na tarar da gawa. Bari in faro daga farko, don ku san ba a rana ɗaya na zama sakarai ba.

Lokacin da muka sauka a Ardwick, a Manchester, ni da matata Hajara, duk layinmu mutum biyu ne ke amsa gaisuwarmu: Baba Donal, wani tsohon magini ɗan Ailan, da matarsa Mama Maura. Bango ɗaya ya raba mu. Wata Lahadi a Satumba, da la'asar, muka ji tsohon ya kurma ihu. Na leƙa, na same shi a bakin ƙofa idanu jajur, ya ce mini an gama da su, an binne su. Ni kuwa ɗan Kano, me zan yi? Washegari na zura babbar riga, Hajara ta cika kula da shinkafa, na shiga na durƙusa ina tambayar wa ya rasu.

Mama Maura ta yi dariya har da hawaye. Ashe ƙwallo aka ci gundumarsu, a wasan ƙarshe na hurling, wani wasan ƙasarsu da ake yi da sanda mai faɗin kai kamar muciya. (Har yau ban gane yadda ba sa fasa wa juna kai ba.) Ita ta zaunar da ni ta koya mini lissafin makinsa, suka cinye shinkafar tas. Daga nan muka zama 'yan gida. Duk shekarar da aka fitar da gundumarsu sai in leƙa in ce, "Baba, ya haƙuri?" ya kai mini duka da jarida.

Da ƙafar Baba ta matsa masa, suka koma Sparkbrook a Birmingham, kusa da 'yarsu. Na yi kewarsu ƙwarai, don ban sake samun maƙwabci irinsu ba. Bayan shekara biyu gundumarsu ta sake kaiwa wasan ƙarshe, aka sake cinye su. Sai shaiɗan ya raɗa mini wata dabara: in maimaita tsohuwar gaisuwar. Hajara ta ce in buga waya tukuna, na ce ai sai in ɓata wasan. Ranar Litinin na sa rigar nan, na ɗauki kula, har da katin ta'aziyya na saya, na hau jirgin ƙasa ina ta murmushi ni kaɗai.

Na tarar da ƙofa a buɗe, mutane cike da gida cikin baƙaƙen kaya. (Mai hankali a nan zai tsaya. Ni cewa na yi a raina, lallai mutanen nan sun ɗauki ƙwallo da zafi.) Na kutsa falo, na hango Baba a kujera, na ɗaga murya cikin dariya: "To, bana kuma wa ya mutu? Ina Mama, ta fito ta yi mini dariya!"

Mutanen da ke tsaye gaban taga suka ɗan matsa, sai ga akwati a buɗe, Mama Maura kwance a ciki. Tun Asabar ta rasu. Daga baya na ji 'yarsu ta buga waya gidanmu da safen nan, bayan na fita.

Na daskare da kula a hannu. Baba ya daɗe yana kallon rigata, sannan ya yafito ni, ya riƙe hannuna.

"An ci mu ke nan?" ya tambaya a hankali.

Ashe bai kalli wasan ba, kuma kwana guda cur 'yan uwansa suna ɓoye masa. Na ce an ci. Ya tambayi da maki nawa, na faɗa, da lissafin da matarsa ta koya mini. Ya gyaɗa kai, ya saki hannuna. 'Yarsa ta karɓi kular da katin ta yi godiya, don duk abin da na zo da shi ya dace da ranar, ban da bakina.

Amma ba nan ne babban abin kunyar ba. Sau biyu Baba ya kira gidanmu bayan haka, ni kuma na sa Hajara ta ce ina wurin aiki, saboda ba na jin zan iya haɗa murya da shi. Kullum ina cewa sai kunyar ta sake ni zan je. Kafin wani Satumban ya zagayo, shi ma ya bi ta.

Yanzu in zan shiga gidan mutane, sai na yi sallama na duba fuskoki kafin in buɗe baki. Wannan darasin mai sauƙi ne. Ɗayan shi ke cina: tsohon bai riƙe ni a zuci ba, ni ne na zauna ina lallaɓa kunyata har na rasa shi. Kular Hajara ma tana can Birmingham, kuma ba ta taɓa ce mini in je in karɓo ba.