Rigar Da Na Saƙa Wa Saba

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na kusa raba Madam Rifkatu da aikinta ba, kuma da zaren ulu da kwarashi na so in yi wannan aika-aika.

Lokacin ina shara a wani ofishin manoma a Kazaure. Karatuna bai wuce aji uku ba, kuma ba don aikin ba ko zaure ba na son leƙawa. Amma Allah Ya ba ni kunne. Ina daga tsakar gida nake gane babur ɗin wane ne ya shigo layinmu.

A ofishin akwai wani ɗan ɗaki mai sanyi kamar cikin randa, inda aka ajiye wata baƙar na'ura da suke kira saba. Madam Rifkatu, wata mutuniyar Jos, ita ke kula da ita. Ta ce min sunan kowane manomi daga Gwiwa har Babura yana ciki, da gonarsa, da takin da za a ba shi. "Inna, wannan ce rumbunmu. Ki share ƙasa kawai, kar ki taɓa waya ko ɗaya." Ni kuwa na riƙe amana, ban taɓa waya ba.

Matar nan ta yi min halacci. Da na kwanta asibiti, kullum sai ta kawo min farfesu. Na rasa da me zan saka mata. Sai na tuna a gidajenmu duk abu mai daraja sai an yi masa riga. Keken ɗinki da rigarsa, talabijin da tata, har rediyon maigidana. Ga saba kuwa, baiwar Allah, tsirara a gaban esi mai sanyaya ɗakin tana ta gurnani (ni a kunnena rawar ɗari take). Na zauna na saƙa mata riga mai kauri, ja da kore, har da fulawa a gaba.

Ranar Juma'a idan kowa ya tashi sai in lulluɓe ta ruf. Litinin da sassafe in cire in sa a jaka. Ban gaya wa kowa ba, tunda alheri ba ya son talla. Da na tarar ta yi tsit kuwa har daɗi na ji, na ce yau ta samu barci.

Litinin biyu a jere manoma suka cika harabar ofis, ga shuka ta fito tana jiran taki, saba ta ƙi tashi, aka rasa sunan kowa sai bayan azahar. Alhaji, shugaban ofishin, ya ce wa Madam in ba ta gano matsalar ba zuwa wata Litinin, ta nemi wani wurin. Ta canja batir, ta bi wayoyi, ta sa aka hau rufi aka duba sola. Ni kuma ina gefe ina taya ta addu'ar Allah Ya tona asirin mai hannu a ciki (kun ji fa, da bakina).

Sai ta saka wani abu a kwamfutarta mai gadin saba, yana auna zafin jikinta kamar nas. Litinin ta uku ta tara mu, ni da Alhaji da Malam Sale maigadi, ta nuna wani layi a allo ya miƙe sama kamar karan dawa.

"Ranka ya daɗe, duba nan. Juma'a ƙarfe biyu zafi ya fara hawa, kafin la'asar ta kashe kanta, alhali esi na aiki." Ta juyo. "Inna, ke ce ta ƙarshen fita. Kin taɓa jin wani abu?"

An zo fagena. Na gyara mayafi. "Ƙwarai kuwa, 'yata. Da farko fuuu take yi a hankali. Da na sa mata rigar sai ta koma wiiii, kamar injin markaɗe."

"Wace riga?"

Na zaro ta daga jaka, na baza ta da hannu biyu don su ga fulawar.

Sai Malam Sale ya ce, "Inna, ai saura hula da safa." Alhaji ya dafa bango yana dariya har da hawaye. Madam ta kama hannuna ta kai ni bayan na'urar, na ji iska mai zafi tana fita. "Ta nan take numfashi, Inna."

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Na durƙusa na ce a kore ni, a bar ta. Ita ce ta tashe ni, ta ce wa Alhaji mai gadin da ke kwamfutarta zafi kawai ya gani, ni kuwa na ji kukan fankar cikin saba tun daga farkonsa. Alhaji ya ba ta haƙuri a gabanmu, ranar aka raba taki.

Tun daga nan kowace safiya sai ta ce, "Inna, shiga ki jiyo min lafiyarta." Sau ɗaya ma na riga kwamfutar gane fanka ta fara gajiya. Rigar kuwa tana kan kujerar Madam, ta ce tana yi wa bayanta daɗi.

Allah Ya saka wa matar nan da alheri. Ni dai yanzu ko jikana zan lulluɓe, sai na fara tambayarsa ko sanyi yake ji.