Ranar da Marigayi Bahago Ya Shigo Mini Gidan Rediyo

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da wata Talata a Buza ba. Lokacin ina gabatar da shirin tsofaffin waƙoƙi a ƙaramin gidan rediyonmu, kuma ina jin kaina ƙwarai. (Mutum uku ne ma'aikatan gidan, amma a wurina ni ne na ɗaya har na biyu.)

Duk wanda ya yi samartaka a Adar zamanin iyayenmu ya san orkes ɗin Tartsatsi. Samari biyar ne masu tulin suma da wanduna buje, da gitocin lantarki masu kuka kamar ana yanka ƙarfe. Sun kaɗa daga Madawa har Keita, tsofaffi na tsine musu, ƴan mata na tsallake danga don su je kallo. Kaset ɗaya tak suka bari. Jagoransu Attahir Bahago, dogo ne, da hagu yake kaɗawa, gitar a juye. Bayan motarsu ta kife a wata gangara sai orkes ɗin ya watse, Bahago ya ɓace. Har yau masu gitar biki salonsa suke sata.

Ranar Asabar na yi musu shiri na musamman. Da daɗin baki ya ɗebe ni, sai na ce Bahago ya rasu tuntuni. Ban tsaya nan ba, na ce da ni aka kai shi makwancinsa, har na sa muryar kuka. Gaskiyar magana, a tashar mota na tsinci zancen, bakin wani mai shayi.

Talata da azahar rana ta take, gari ya yi tsit, ko akuya ba ta motsi. Mai kula da na'urori ya tafi masallaci, ya bar ni ni kaɗai. Na sa kaset ɗin Tartsatsi, ya yi ta juyawa har ya ƙare, na ji maɓallin ya yi ƙas.

Amma kiɗan bai tsaya ba.

Na duba na'urar, ba abin da ke juyawa. Na zare kaset ɗin na riƙe a hannuna. Kiɗan na nan, siriri, a hankali, daidai inda waƙar ta yanke, kuma daga bayan ƙofa yake fitowa. Na ce, "Wane ne?" Sai tsirkiya ɗaya ta yi wannan dogon kukan da ba wanda ya iya shi sai mutum guda.

Ƙofar ta buɗe kaɗan kaɗan. Wani dogon tsoho ya tsaya cikin fararen kaya, ƙura ta yi masa fari har gira, idanunsa sun faɗa. Gita na rataye a wuyansa, a juye. Bai yi sallama ba. Ya dube ni ya ce, "Kai na kac ce ka rufe ni?"

Jama'a, ban san ina da saurin shiga ƙarƙashin tebur haka ba. Na fara Ayatul Kursiyyu, na ɓata a tsakiya, na faɗa addu'ar cin abinci. Ina ihu ina cewa, "Ka yi mini rai, Baba! Wallahi ƙarya nake, ban je jana'izarka ba! Ko wasanku ban taɓa gani ba, ina goye lokacin! Ka koma inda ka hito, zan yi maka sadakar waina!"

Sai na ji ƙafafu a guje. Mai na'urori ne, takalmi ɗaya a hannu, yana haki: "Rufe mikro! Mikro a buɗe yake, har bakin masallaci ana jin ka!"

Ashe Bahago na nan da ransa. Shekaru ya yi a arewa yana leburanci, ya dawo wani ƙauye kusa da Tabotaki yana noman gero, ya daina kiɗa. Tun Asabar mutane ke sallama a gidansa suna yi wa matarsa gaisuwar mutuwa, yana zaune a gefe yana jin su. Shi ne ya kakkaɓe gitarsa ya hau babur. Ya iske waƙarsa na tashi, ya tsaya bakin ƙofa yana bin ta.

Ya zauna a kujerata, ya jawo mikro ya ce, "Jama'a, ina gaisuwa. Ban mutu ba tukuna. Wanga yaro kau ku yi mai haƙuri, shina ƙarƙashin tebur." Sannan ya kaɗa waƙa uku, tsofaffi suka cika ƙofar gidan, wasu na share hawaye. Ni dai ban fito ba sai da ya gama.

Har gobe a kasuwar Buza in na wuce sai wani ya ce, "Malam mai rediyo, ina wainar marigayi?" Yanzu ko kaza aka ce mini ta mutu, sai na ga an fige ta kafin in kai labarin gaba.